Kiran Da Babu Murya a Cikinsa

A Libreville, babban birnin Gabon, aka haife ni, a nan na yi makaranta, kuma Faransanci na fara rubutawa kafin Hausa. Babana Bakano ne, mahauci ɗan mahauci. Ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya fara da tebur a bakin kasuwar Mont-Bouët, daga baya Allah ya buɗa masa ya kama shago, ya gina ɗakin sanyi a bayansa. Mukan sayo nama daga abbatuwa mu rarraba wa gidajen abinci da gidajen masu hali na unguwar Batterie IV. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo sai na karɓi zaman shagon, don 'yan'uwana maza kowa ya kama gabansa. Shi kuwa ya ƙi zaman gida. Kullum yana gaban motar kai kaya kusa da direba, wai don ya gaisa da tsofaffin abokan cinikinsa. Uwata yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

Cinikinmu na waya ne. Mai gidan abinci ba ta da lokacin shiga cunkoson kasuwa, bugowa take yi ta ce a kawo mata cinya da hanta kafin rana ta yi. Muna da wayar girke, wadda a nan muke ce wa fiks, tana kan kanta tun ina 'yar firamare. Igiyarta ta murɗe, ta yi baƙi da maiƙo. Matsalarta ruwan sama, kuma ruwan Libreville ba ya raga wa kowa. Da zarar an tsuge sai ka ji layin yana ƙara kamar ana soya albasa, mai magana yana can nesa kamar daga cikin rijiya. Wata damina ɓarayin tagulla suka yanke igiyar titinmu gaba ɗaya. Muka yi ta zarya ofishin masu layin, yau gobe, yau gobe, har wani babban gidan abinci ya gaji da nemanmu ya koma wurin wani mahaucin.

A nan ne na kawo maganar wayar intanet. Akwai wani mutumin Jos, Kirista, mai haɗa wa ofisoshi intanet, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya zo da ƙaramin akwati da wayoyi biyu, ɗaya kan kanta, ɗaya kusa da ɗakin sanyi. Ya kuma saka mini layin a wayata ta hannu, ta yadda duk wanda ya kira shago, ko ina cikin taksi ne zan iya ɗauka. Sai dai lamba ta canza. Wannan ne ya fi damun Baba, don akwai mutanen da suka haddace tsohuwar kamar sunan 'ya'yansu. Na sa aka rubuta sabuwar da manyan baƙaƙe a jikin mota da kan ledojinmu.

Da farko abin ya yi daɗi. Murya tana fita tar, ko ana ruwa. Umma, mahaifiyata, takan zo shago ta kira ƙanwarta a Kano su yi ta hira ba mai duba agogo. Har Baba ya fara cewa ba laifi.

Wata ranar da hantsi, ina yanka wa wata mata haƙarƙari, waya ta yi ƙara. Na goge hannu na ɗauka. Na yi sallama, na ce alo. Shiru. Na ɗauka layi ne ya katse, na ajiye. Ban gama ɗaure ledar ba ta sake bugawa. A ɗan gilashin wayar, inda lambar mai kira take fitowa, sai na ga 100 kawai. Babu lambar ƙasa, babu komai. Na sake ɗauka, shiru.

Ban san yadda zan kwatanta wannan shirun ba. A tsohuwar waya ko mutum ya ƙi magana kana jin wani abu, numfashi ko hon ɗin mota ko kukan yaro a bayansa. Wannan babu ko ɗaya. Kamar ka kara kunnenka a jikin bango.

Washegari ma haka. Wani lokacin 100, wani lokacin 1000. Takan yi shiru rabin yini, har in ce an gama, sai ta dawo a jere kamar mai bin bashin rai. Kuma ba a shago ta tsaya ba. Fiks idan ka ja ƙofa ka sa kwaɗo, ka bar ta a can. Wannan kuwa tana cikin jakata. Ta bi ni cikin taksi, ta bi ni kicin, ta buga ina tsakiyar sallar la'asar har na rasa raka'a ta nawa nake. Na nemi mutumin Jos, aka ce mahaifinsa ya rasu ya tafi gida, wayarsa ba ta shiga.

Maƙwabcinmu mai sayar da shinkafa, dattijo ɗan Damagaram, ya ji ƙarar ta yi yawa ya leƙo. Da na ba shi labari sai ya rage murya.

"Hajiya, auna ku ake yi. Haka suke yi. Su bugo su ji wa ke ɗauka, namiji ko mace, da wane lokaci babu kowa."

Umma kuwa nata daban ne. Ta ce ta taɓa ji a Kano akwai lambar da idan ka ɗauka jini yake ɓalle maka ta hanci da kunne. Na ce mata ai na ɗauka ba sau ɗaya ba, ga ni nan lafiya. Ta ce in daina jayayya da abin da ban sani ba, ta tofa addu'a a ruwa ta ce in shafa a kunnuwana. Na yi mata dariya, amma na shafa.

Da a wani lokaci ne abin ya zo, da wataƙila ya tsaya a abin haushi. Amma ya zo daidai lokacin da garin ya ɗauki zafi. Jita-jita ta cika ko'ina cewa ana sace yara ana cire sassan jikinsu don tsafi. Saƙonnin murya suna yawo daga waya zuwa waya, kowa da nasa: an ga baƙar mota a ƙofar makaranta kaza, an tsinci takalmin yaro a bakin ruwa. Ba wanda ya gani da idonsa, kowa wani ne ya gaya masa. Samari suka fara tare hanyoyi a unguwanni suna bincikar motoci. Muka ji an doki mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Ina da 'ya ɗaya, a lokacin tana firamare. Mijina yana Port-Gentil, aiki ya riƙe shi, sai ƙarshen wata yake shigo jirgin ruwa ya sauka tashar Port Môle. Ni kaɗai ce da ita. Na fara lura, ko kuma zuciyata ce ta fara shirya mini, cewa kiran yana yawaita dab da tashin makaranta. Sai na ƙulla labarin da kaina: suna so su tabbatar ina shago ne, yarinya tana hanya. Na daina bari ta dawo tare da yaran unguwa. Nakan rufe shago tsakar rana in je in tsaya a ƙofar makaranta tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Abinci ya daina shiga mini. Duk wanda ya tsaya gaban shago da waya a kunne sai in bi shi da kallo har ya ɓace.

Sai kuma wani tsoron ya zo ta inda ban zata ba. Wata mata 'yar ƙasa, ba na jin ta taɓa zuwa shagonmu, tana tsaye tana zaɓen nama sai wayar ta buga. Na duba, na ɗaga na mayar ban ce komai ba. Ta sake bugawa, na sake yin haka. Matar ta dube ni, ta dubi wuƙaƙen da ke rataye, sannan ta dubi babbar ƙofar ƙarfe ta ɗakin sanyi.

"Me kuke ajiyewa a can ciki?" ta tambaya da Faransanci.

Na ce nama. Na ce ta zo ta gani idan tana so. Ta ajiye abin da ta ɗauka, ta ja da baya, ta fita ba ta juya mini baya ba sai da ta kai titi.

Duk kwanakin nan ina tsoron masu satar yara, ban taɓa tsayawa na ga yadda mu muke a idon mai wucewa ba. Baƙi ne, ga wuƙaƙe, ga jini a ƙasa, ga ɗaki mai kulle, ga waya da ake bugowa ba a magana.

Na ce wa Baba mu kai ƙara wurin 'yan sanda. Ya dube ni ya ce:

"Uwata, mu je mu ce me? Mahauci baƙo mai ɗakin sanyi ana kiransa da lambar da ba ta da asali? A wannan makon? Kin taɓa ganin kaza ta kai kanta gidan muzuru neman shari'a?"

Ya miƙa hannu ya zare igiyar wayar da ke kan kanta, ya zare ta kusa da ɗakin sanyi ma. Ni ban iya cire layin daga wayata ba, don ta nan kaɗai odar mutane take shigowa. Na kashe ƙarar na bar ta tana girgiza kawai. Amma girgizar ma sai da ta zame mini abin tsoro. Nakan ji ta a jaka in ƙi dubawa, in ce idan mai ciniki ne zai sake kira.

Ranar da abin ya faru, direbanmu ya zo da safe ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce a yi masa haƙuri, shi ba zai fita da mota mai jini a daɓe ba yau, an ce samari sun tare hanyoyi da yawa. Ban ga laifinsa ba. Na ce a fasa kai kaya. Baba ya ce mutane sun ɗora tukwane suna jiransa, kuma shi bai taɓa saɓa alkawarin nama ba.

"Baba, don Allah. Gwiwarka ma ba za ta iya taka birki ba."

"Garin nan ya san ni kafin a haife ki," ya ce, ya ɗauki mukulli.

Na tsaya ina kallon motar har ta shige cikin taksi-taksin bakin kasuwa. Kafin azahar labari ya zo cewa iyaye suna kwashe 'ya'yansu daga makarantu. Na ja ƙofar shago na tafi.

Ƙofar makarantar ta cika maƙil. Mata suna kiran sunayen 'ya'yansu, wasu suna kuka, malamai suna ƙoƙarin hana turereniya. Da ƙyar na samo tawa, na damƙe hannunta har ta ce ina ji mata ciwo. A cikin wannan hayaniyar ne wayar ta fara girgiza a jakata. Ta tsaya, ta sake. Ta tsaya, ta sake. Na ce a raina ga su nan, sun san inda nake. Na fara dube-dube cikin taron ina neman wanda ya kara waya a kunne yana kallonmu, kuma kusan kowa da waya a kunnensa.

"Mama, wayarki fa," in ji yarinyar.

Na ciro ta. Ba 100 ba ce. Cikakkiyar lamba ce ta nan ƙasar. Na ɗauka.

Muryar mace ce, tana ihu da Faransanci a kan wata hayaniya da ta fi tamu. Na gane ta, wata dattijuwa ce mai gidan abinci a hanyar Batterie IV, tsohuwar abokiyar cinikin Baba.

"Ke ina kika shiga? Na kira tsohuwar lambarku a mace, sai da na karanto wannan a jikin mota! Sun tare babanki a gaban gidana. Ki zo yanzu, yanzu!"

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da yarinyar ta fara jan mayafina. Allah ya sa matar maƙwabcinmu mai shinkafa ta zo ɗaukar jikokinta. Na danƙa mata 'yata, ban ma yi mata bayani ba. Taksi na farko da na biyu da suka ji inda za ni suka ja mota. Na uku ya ce zai kai ni iya inda hanya ta buɗe. A hanya babu addu'ar da ta zo bakina cikakkiya, sai farkon wannan in haɗa da ƙarshen waccan. Da ya tsaya ya ce nan ne iyakarsa, na cire takalma na riƙe a hannu na ruga.

Motar na fara hangowa, ƙofofinta duk a buɗe, gilashin gaba ya tsage. An zazzage kulolin nama a kan kwalta. Samari sun kewaye wurin, wasu da sanduna, wasu da duwatsu, wasu suna ɗaukar hoto da waya. Baba yana zaune a gefen kwata, babu hula, jini yana bin gemunsa yana ɗiga a farar rigarsa. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba sai ranar. Dattijuwar tana tsaye a gabansa da zanen girki a ƙugu, ta ɗora hannu ɗaya a kansa kamar ɗanta.

Wani saurayi ya ɗaga zuciyar saniya sama yana nuna wa jama'a wai ta mutum ce, yana cewa su duba, su duba da kyau. Taron ya yi wani irin gurnani da har yau nakan ji shi a ƙirjina. Na kutsa, wani ya fizgi mayafina, na bar masa shi. Na fara magana da irin Faransancin da muka tashi da shi a titunan garin nan, na ce ubana ne, mahauci ne, a nan aka haife ni. Na jawo wata cinya na nuna musu shuɗin hatimin abbatuwa a jikinta. Wani ya ce hatimi ai kowa zai iya bugawa. Na ga wani a baya ya sunkuya yana ɗaukar bulo.

Sai dattijuwar ta duƙa, ta tona cikin naman da ke ƙasa, ta zaro ƙafar saniya da kofatonta. Ta ɗaga ta dab da hancin mai riƙe da zuciyar.

"Kai, ɗan wa ka sani mai irin wannan ƙafar? Ƙaninka ne? Ina dafa zuciyar saniya daga hannun mutumin nan tun uwarka ba ta yi aure ba. Ajiye mini nama, ka ɓata mini abincin rana!"

Wata mata a gefe ta fashe da dariya. Wani ma ya yi. Saurayin ya dubi abin da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsa, ya sake shi ya faɗi. Ba watsewa suka yi nan take ba, amma na ga kafaɗu sun sauka, mai bulon ya ajiye shi a hankali kamar ba shi ya ɗauka ba. Can sai ga motar jandarmomi, kafin su gama fitowa titin ya yi fili. Rabin naman ma ya bi su.

A asibiti aka yi wa Baba ɗinki a leɓe da saman gira. Sai da muka fito ya kama hannuna ya ce, "Uwata, ina yarinyar?" Na ce tana gida lafiya. Ya gyaɗa kai, ya ƙara riƙe hannuna.

Garin ya huce a hankali, kamar yadda ya ɗau zafi ba wanda ya san takamaiman dalili. Mutumin Jos ya dawo, na yi masa ta'aziyya, sannan na nuna masa jerin kiran. Ya dafe kai.

"Kai, Hajiya, ki yafe mini. Ba mutum ba ne. Na'urori ne a wasu ƙasashe, suna bin intanet gida gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, ko za su dace da wadda aka bari a buɗe su riƙa kira da layin mutane. Ba su san ki ba, ba su ma san akwai Gabon ba. Ni ne ban kulle ƙofar da kyau ba kafin in tafi."

Ya zauna da kwamfutarsa, kafin shayin da na zuba masa ya huce ya ce an gama. Daga ranar kiran bai sake zuwa ba. Na ɗauka zan ji sanyi a raina, amma haushi na ji, irin wanda ba ka da wanda za ka sauke wa. Umma kuwa ba ta yarda ba, ta ce na'ura ba ta san lokacin tashin makaranta ba. Baba ya sa na je na nemi a dawo mana da fiks, aka ce sun daina jan igiyar tagulla a titinmu. Haka muka ci gaba da ta intanet, ita muke amfani da ita har yanzu. Na sa aka fasa ƙofar ɗakin sanyi aka saka gilashi, duk mai wucewa yana hango abin da ke rataye. Baba bai sake shiga motar kai kaya ba.

Da ɗinkin ya warke ya ce in raka shi wurin dattijuwar. Ya sa babbar riga, ya zaɓi cinyar rago da hannunsa, ya ƙi bari in riƙe masa. Muka tarar da ita tana faɗa da masu yi mata aiki. Da ta gan shi ta tsaya, ta kama fuskarsa ta juya ta gefe tana duba tabon kamar likita. Baba ya fara jero godiya da guntun Faransancinsa, kalmomi suna ƙare masa yana cikewa da Hausa. Ta katse shi.

"Papa, bar wannan. Zauna."

Ta karɓi cinyar ta shige ciki. Na san Baba, duk shekarunsa a ƙasar nan bai taɓa cin abincin gidan da ba na Musulmi ba, ko ruwa sai ya yi dabara. Na fara shirya uzurin da zan ba ta. Ta daɗe, sannan ta fito da naman a gashe, da soyayyar ayaba da yaji a gefe. Ta ajiye a gabansa ta ce in gaya masa sabon kasko ta ɓare, ba a taɓa dafa komai a cikinsa ba, kuma naman daga hannunsa ya fito.

Na fassara masa. Ya dubi farantin, ya dube ta. Ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya naɗe hannun rigarsa, ya yi bisimilla. Leɓen bai gama saki ba, don haka a hankali yake taunawa ta gefe ɗaya. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi tana ƙara masa, tana cewa naman ya yi tauri, lallai ragon ya tsufa. Baba ya ce in gaya mata ragon ba shi da laifi, wuta ce ta yi yawa. Suna wannan musun har la'asar ta kusa, ni ina tsakiya ina fassara.